Ana cire min kuɗin fansho amma ba sa shiga asusuna, ya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema.

Shekara 3 ke nan ina aikin akanta a wani kamfani da ke Sharaɗa. Kowane wata ana cire kashi 8 cikin ɗari na fansho daga albashina, a rubuce yake a takardar albashi. Makon jiya na je ofishin masu kula da asusun fanshona na karɓi bayani, sai na tarar wata 14 ba a saka ko sisi ba. Dokar fansho ta 2014 kuwa ta ce kamfani ya ƙara nasa kashi 10, ya tura duka cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, mai kamfanin aminin mahaifina ne. Tare suka fara kasuwanci a Kantin Kwari, kuma shi ya ɗauke ni bayan na gama bautar ƙasa. Baba nake ce masa. Na yi wa manaja magana sau biyu, ya ce kasuwa ce ta yi sanyi, in ƙara haƙuri. To ni ne mai riƙe da lissafin, na san kuɗi na shigowa.

Idan na kai ƙorafi PenCom, wato hukumar kula da fansho ta ƙasa, za su ɓoye sunana? Ko in fara sanar da mahaifina ya sami mai kamfanin a gida? Tsorona kada zumuncinsu ya lalace ta dalilina, ga iyali, ga kuɗin haya a Ɗorayi ya kusa. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa min yadda ya yi.