Muhawara: wai littattafan Kirsimetin Turawa ba sa koya wa yaranmu kirki?

Maman Haske: Jama'a barkanmu da hantsi. Zan jefo magana, wanda ta taɓa ya yi haƙuri. Jiya na biya ta kasuwar Taminus a nan Jos na kwaso littattafan yara guda huɗu a wurin masu gwanjo, duk na Kirsimeti, masu hoto. An ce suna koyar da abota da kirki. Da dare muka zauna da Haske muna buɗawa. Shafin farko dusar ƙanƙara, na biyu dusar ƙanƙara, na uku wani tsoho mai farin gemu yana zurawa ta bututun hayaƙi da buhu. Yarinya ta ɗaga kai ta dubi silin ɗinmu ta ce, "Mama, mu ta ina zai shigo?" Na ce ta ƙofa. Ta ce ai Baba yana sa sakata. Daga nan har ta yi barci lissafin abin da za a kawo mata take yi. Ni dai na yanke hukunci: littattafan nan ba kirki suke koyarwa ba, kwaɗayi suke koyarwa, da raina abin da yaro yake da shi a gidansu.

Anti Rifkatu: Haba Maman Haske, daga littafi huɗu har kin yanke wa duka hukunci? Shekara tara ina koyar da 'yan ƙanana a makarantar Lahadi, kuma ina amfani da irinsu. Akwai na banza, ban musa ba. Amma akwai wanda ba tsoho mai buhu a ciki sam, yaro ne kawai ya ba abokinsa rigar sanyinsa. Wannan kuma wane kwaɗayi ya koyar?

Malam Istifanus: Ina bayan Maman Haske, amma ba don ƙanƙara ba. Ƙanƙara ba ta yi wa kowa laifi ba. Ku ɗauki labarin barewar nan mai jan hanci da kusan kowane yaro ya san waƙarta. A 1939 wani ma'aikacin babban kantin Montgomery Ward a Chicago, sunansa Robert May, ya rubuta shi domin kantin ya raba wa 'ya'yan masu sayayya. Wato tun asali kayan talla ne. To bar wannan, duba abin da ke ciki. 'Yan uwanta suna yi mata dariya, sun hana ta wasa da su. Sai ranar da hazo ya rufe gari aka rasa fitila, aka tuna da hancinta. Daga nan kowa ya so ta. Ina kirki a nan? Wannan ai son "mai amfani" ne. Da hazo bai sauko ba, da har yau tana can tana kuka a bayan garke.

Anti Rifkatu: Malam, ka taɓo inda nake so. Bara na karanta wa ajina labarin nan. A ajin akwai wani yaro zabiya da sauran ke tsokana, ba sa son zama benci ɗaya da shi. Ban ambaci sunansa ba, karatu kawai na yi, ina juya musu hoto. Da na gama, wata yarinya 'yar shekara bakwai ta ɗaga hannu ta ce, "Anti, to su waɗanda suka yi dariyar sun ba da haƙuri?" Na duba shafi na ce ba a rubuta ba. Ta ce, "Ai ba kyau." Aji ya ɗauka, kowa na faɗin abin da ya kamata su yi. Ba zan yi muku ƙarya in ce daga ranar tsokana ta ƙare ba, ba ta ƙare ba. Amma wancan makon yaron bai zauna shi kaɗai ba. Matsalar da ka gani a labarin, yarinya ƙarama ma ta gan ta, kuma nan ne darasin ya fito.

Malam Istifanus: Ke kika koyar, ba littafin ba.

Anti Rifkatu: Allo ma malami ne ke biyawa, amma ba a zuwa makaranta ba allo.

Ladi: Ni abin da ya fi ba ni haushi shi ne Fada Kirismas ɗin nan, wato tsohon mai buhu. Kamfanin Coca-Cola ne ya ƙirƙiro shi don sayar da lemo, mu kuma muna biyan kuɗin shiga yara su je su gaishe shi ya ba su balan-balan.

Malam Istifanus: A'a ƙanwata, kada mu ɗora musu abin da ba su yi ba. Tallan da suka fara a 1931 ya yaɗa hoton a duniya, wannan gaskiya ne, amma ana zana shi da jajayen kaya tun kafin nan. Tushensa kuma wani bishop ne, Nikolas, da ya yi zamani a garin Mira, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4. Labarin da aka fi bayarwa a kansa shi ne na wani talaka mai 'ya'ya mata uku da ya rasa abin aurar da su. Nikolas ya riƙa zuwa cikin dare yana jefa jakar zinariya ta taga, don kada mutumin ya gan shi ya ji kunya.

Mama Asabe: Tsaya ɗana, maimaita. Uba ya rasa kuɗin kayan ɗaki, wani ya rufa masa asiri cikin dare? Ai wannan labarinmu ne! Ko watan jiya a Zumuntar Mata mun haɗa wa wata marainiya katifa da tukwane, muka ce kada a faɗi wanda ya ba da nawa. To me ya sa ba a zana wannan ba, sai dai tsoho da barewa a sararin sama?

Maman Haske: Kin ji ko, Mama. Sun ɗauki rufin asiri sun mayar da shi rabon kayan wasa. Mai bayarwa a ɓoye ya koma mai tambayar yaro "me kake so?" Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Baban Khalifa: Salamu alaikum. Ni ba bikina ba ne, amma shinkafar tana zuwa gidana, saboda haka ina da ta cewa. Mu da muka tashi a Jos ta da, ba littafi ya koya mana ba. Ranar Kirsimeti tun kafin azahar kuloli sun cika tsakar gidanmu, shinkafa da miya da cincin, har makwabta kan kira mahaifina ya yanka musu kajin don mu ma mu ci ba shakka. Babbar Sallah kuma ni ake ɗora wa tire in bi gida-gida da nama. Kuma tsohuwarmu ba ta yarda a mayar da kula wayam, ko ƙuli-ƙuli sai ta jefa. Yaron da aka aika da kula ya gaida mutanen gida, ya jira a juye, ya koyi abin da shafi ashirin ba zai koya masa ba. A addininmu ma akwai hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai sa shi cikin magada.

Mama Asabe: Alhaji, gaskiya ka faɗa, amma bari in tambaye ka. Yara nawa ne yau ake aika da kular? Tun rikicin 2001, ga na 2008, ga na 2010, unguwanni suka rabu. Wannan ya sayar da gida ya koma cikin nasa, wancan ma haka. Mu nan layinmu Allah ya rufa asiri muna gauraye, amma jikokina da ke ɗaya gefen gari ba su da aboki ko ɗaya mai suna Khalifa. Ranar da na ce wa ƙaramin ya raka ni kai abinci gidanku, sai da ya tambaye ni ko ba komai. Yaro ɗan shekara takwas. Kwana na yi abin na cina. To wannan yaron, in babu maƙwabcin da za a aike shi, ina zai ga abin in ba a littafi ba? Shi ya sa ban yarda a zubar da littafi ba. Sai dai ba na ƙanƙara ba. Ina son ya buɗe shafi ya ga yarinya da sabon ɗinki, leɓe ya tsage da hunturu, ta ɗauko kula a ka tana sallama a ƙofar gidan Malam.

Baban Khalifa: Mama kin kashe bakina. Allah ya kyauta.

Ladi: To ai muna da tatsuniya. Me ya sa ba za mu koma can ba?

Anti Rifkatu: Ladi, Gizo ne zai koya musu kirki? Wanda ya cinye abincin gayya, ya yaudari zaki, ya bar Ƙoƙi da yunwa? Ina son tatsuniya, ni ma da ita na tashi, amma rabinta wayo take koyarwa. In muna tace na Turawa, namu ma sai an tace.

Maman Haske: Gizo dai ko ya yi ha'inci a ƙarshe yakan sha duka, kuma a gona da kasuwa yake yi, inda yaro ya sani. Ban ce a koma kansa ba. Amma ko labarin haihuwar Yesu ma duba yadda suke zana shi. A ɗaya daga cikin littattafan nan jaririn gashinsa ruwan zinariya, ga ƙanƙara a kan rufin. Luka sura 2 ba ta ce komai a kan ƙanƙara ba. Abin da ta ce an kwantar da shi a komin dabbobi don ba su sami masauki ba, ga makiyaya suna kwana a fili suna tsaron garkensu. Wane yaro ne a Filato bai san makiyayi da garke ba? Labarin ya fi kusa da mu a yadda yake, su ne suka nisanta shi.

Malam Istifanus: Haka nan sarakuna uku da ake zanawa sun kawo wa jaririn kyautai. Matiyu bai ce sarakuna ba ne, bai kuma ce su uku ba ne. Kyautai ne uku: zinariya, lubban da mur.

Danjuma: Na yi shiru ina karantawa, amma tunda kowa na cewa "a yi namu, a yi namu", bari mai injin buga littafi ya yi magana. Littafin yara mai launi ba kamar katin biki ba ne. Kowane shafi sai ya bi launi huɗu, kowane launi da faranti nasa. Kuɗin faranti ɗaya ne ko kwafi ɗari za ka buga ko dubu biyar, shi ya sa in ka buga kaɗan, kowane kwafi sai ya yi tsadar da ba uwar da za ta saya. Takarda mai sheƙi daga waje take zuwa, dala ta motsa ita ma ta motsa. Ga mai zane, wanda kowa ke so ya yi "don Allah". Shi kuwa na gwanjo an riga an ci kuɗinsa a can, a dila ya zo, ko nawa aka sayar riba ce. Da wannan za ku yi gasa. Sannan ku faɗa mini da wane harshe za a rubuta. Iyayen da ke zuwa shagona, in na nuna musu abu da Hausa sai su ce ba na Turanci? Makaranta suke tunani.

Malam Istifanus: Wannan ciwo ne. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, da ita muke waƙa, da ita ake wa'azi, amma yaranmu da yawa suna jin ta ba sa iya karanta ta.

Ladi: Kuma kada ku manta wasunmu Hausar ma aro ce. Kakata da Ngas take ba mu labari. In don yaro ya ga kansa ne, ni a Ngas zan ga kaina.

Mama Asabe: 'Yata, a fara da wanda Khalifa da Haske za su zauna tabarma ɗaya su karanta. Na Ngas da Birom da Tarok su biyo baya, hoton ai ɗaya ne, rubutun ƙasa kawai za a sauya. Ko ba haka ba Danjuma?

Danjuma: Haka ne Mama. In rubutun baƙi ne zalla, farantin baƙi kawai za a canja, sauran ukun suna nan. Wannan dabara ce mai kyau. Kafin nan ma akwai African Storybook a intanet, suna da labaran yara masu hoto da Hausa, kyauta, kuma sun yarda a sauke a buga. Ku duba ko za ku sami na zumunci a ciki.

Anti Rifkatu: To Maman Haske, yanzu kin janye?

Maman Haske: Ban janye ba. Uku daga cikin huɗun na ɗaga su saman wardirob. Na huɗun na bar mata, wanda wata dabba mai kama da bushiya ta raba hularta da safarta ga abokai har ta rasa abin rufa. Shi ma don na ga da safe ta cire safarta ɗaya ta sa wa ƙaninta, ɗaya ƙafar kuma ta bar shi haka.

Anti Rifkatu: Ai ko kin janye ƙafa ɗaya.

Malam Istifanus: Labarin kular nan, in Mama za ta faɗa, ni zan rubuta. Danjuma ka yi mana lissafin shafi 16, mu ji ko Zumuntar Mata za su iya ɗauka. Saura mai zane, kuma a biya shi.

Baban Khalifa: Khalifa yana zane, duk bangon zaurena ya gama da shi da gawayi. Amma in za a sa gidan Malam a littafin, a zana shi da kyau, kada a sa mini tumbi.

Mama Asabe: Za a duba. Kafin nan Alhaji, ka gaya wa Maman Khalifa kulata ta bara, ja mai murfin ƙarfe, tana gidanku har yanzu. Ina bukatarta kafin ranar 25.