Digiri na biyu a zanen gini da lissafin kwamfuta: karatun manhaja ne ko na ƙira?

'Yar_Zane:

Assalamu alaikum. Yayye da malamai, shawara nake nema. Bana na kammala digirin farko a zanen gine-gine, kuma hankalina ya karkata ga kwas ɗin nan da ake haɗa zane da lissafin kwamfuta da ƙira da injina masu bin umarnin kwamfuta. Abin da ya fara jan raina wata rumfar katako ce da jami'ar Stuttgart ta gina a Heilbronn ta Jamus a 2019. Faɗinta mita 30 ne, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, kuma da ɓangarori 376 aka haɗa ta, kowanne da siffarsa, robot ne ya ƙera su. Na kwana ina kallon hotunanta.

Manhajojin zane irin su AutoCAD da Revit na iya su, Rhino ma ina taɓawa. Grasshopper kuwa, manhajar nan ta cikin Rhino da ake haɗa akwatunan umarni da wayoyi a allo don su fitar da siffa, wata uku ke nan muna dambe. In ina bin bidiyo komai ya fito tsaf, da na rufe na ce bari in yi nawa, sai wayoyin su cukurkuɗe, akwatunan su koma ja. Lissafi kuma rabona da shi tun aji ɗaya. Shin mai irin hannuna za ta iya? Me ake yi a ajin takamaimai? Kuma in an gama, akwai aiki?

Mai_Zarto:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni na yi irin wannan karatun, bari in ba ki labarin makona na biyar, don a nan na gane abin da na zo koya.

An ce kowa ya ƙera ɗan rufi mai lanƙwasa da filawud, ba ƙusa ba gam, sai tsaga da harshe masu shiga juna. Nawa ɓangarori 64 ne. A kwamfuta na sa kaurin katakon milimita 18, tunda haka aka rubuta a jikinsa, na ba kowace tsaga milimita 18 cif. Injin CNC, wato mai yanka bisa umarnin kwamfuta, ya yanka, na kwaso ina murna. Da na zo haɗawa, wasu sai lilo suke yi kamar haƙorin da ya kusa faɗuwa, wasu kuma ko da guduma sun ƙi shiga. Mai kula da ɗakin ƙira, wani dattijo da bai cika magana ba, ya miƙo mini ma'aunin kauri ya koma kujerarsa. Na auna. Wani falanki 17.4, wani 18.2. Ashe lambar da ke jikin katako suna ce kawai.

Ba a nan ta tsaya ba. Bakin injin zagaye ne, milimita 6, don haka ba ya iya fitar da kusurwar ciki mai kaifi; kowane lungu sai ya bar ɗan lanƙwasa, harshen ya zo ya toge a kai. Maganin shi ne ki sa injin ya ɗan zarce cikin lungun, siffar tsagar ta fito kamar ƙashin da ake zana wa kare. Babu bidiyon Grasshopper da ya taɓa faɗa mini wannan. Dattijon nan ya sa na yanka wani ɗan guntu mai tsaga biyar, kowace ta ɗara 'yar'uwarta faɗi da milimita 0.2, na gwada har na sami wadda ta kama daidai. Daga nan na canza lamba ɗaya a cikin zanen, tsagogin duka suka gyara kansu cikin ƙiftawar ido. Da a AutoCAD ne, kwana biyu zan yi ina bin su ɗaya bayan ɗaya. To kin ga kwas ɗin ke nan: ba siffar gini kike zanawa ba, ƙa'idar da ke haifar da siffar kike rubutawa, sannan katako ko kankare ya gaya miki inda kika yi ƙarya.

Kuma kada ki ɗauka tunanin da kwamfuta ya zo. Gaudí, akitet ɗin nan na Basalona, ya rataye sarƙoƙi da igiyoyi ya juya siffarsu sama don ya sami bakan da zai tsaya da kansa. Frei Otto, wani akitet Bajamushe, a can Stuttgart ɗin da kike so, da kumfar sabulu yake nemo siffar rufi. Abin da Kangaroo, wata ƙaramar manhaja mai kwaikwayon ja da nauyi, ke yi yau a cikin Grasshopper ke nan, sai dai a allo. Kwamfutar ta shigo ne a hankali: Ivan Sutherland ya yi manhajar zane ta Sketchpad a 1963, ofishin Frank Gehry ya aro CATIA, manhajar ƙera jiragen sama, ya yi gidan tarihin Guggenheim na Bilbao da aka buɗe a 1997. Shi Grasshopper da ke ba ki wahala, David Rutten ne ya fito da shi a 2007, ya girme ki a harkar amma ba da yawa ba. A jami'ar ETH ta Zurik a Suwizalan, masu zanen gini Gramazio da Kohler suka kawo hannun robot na masana'anta a 2005, shekara ɗaya bayan nan ya jera musu bulo wajen 20,000 na bangon wani gini a ƙauyen Fläsch, kowane bulo da ɗan karkacewarsa.

Makarantun ba halinsu ɗaya ba. ITECH, wato digiri na biyu na jami'ar Stuttgart, shekara biyu ce, da Turanci ake koyarwa, kuma akitet da injiniya a aji ɗaya suke, sun fi ba da ƙarfi ga katako da zaren kabon da koyi da tsarin halittu. Ta ETH shekara ɗaya ce, robot ne jigonta. Kwas ɗin DRL na makarantar zanen gini ta AA a Landan ya fi karkata ga gwajin zane cikin rukuni. Akwai makarantar Bartlett a Landan ɗin, akwai cibiyar IAAC a Basalona. Ni dai shawarata, kafin ki duba sunan makaranta ki duba awa nawa ɗalibi ke samu a gaban inji. Na san inda robot yake a ɗaki a kulle, sai ranar zuwan baƙi.

Injiniya_Tsoho:

Mai_Zarto ya faɗi gaskiya, amma ya tsallake tambayarki ta uku, 'yata. Ni shekaruna a wajen gini sun fi ashirin, ban taɓa cin karo da hannun robot a fili ba. Waɗannan abubuwa masu ban sha'awa galibi rumfuna ne na baje koli. Gadar Striatus da aka kafa a birnin Benis na Italiya a 2021, tubalan kankare 53 da firinta ta buga, ba rodi ba siminti a tsakaninsu, abin a yaba ne ƙwarai. Amma je ki kai irin wannan zanen gaban hukumar ba da izinin gini ki ga tambayoyin da za ki sha. Dokokin gini an rubuta su ne don ginshiƙi da bim da rodi.

Aikin da ke akwai na gaske yana wajen kamfanonin fuskar gini masu gilashi da ƙarfe, masana'antun katako masu yanka da CNC, manyan ofisoshin injiniya, sai kuma bincike a jami'a. Wuraren ba su da yawa. Sannan ki lura, yawancin kwasa-kwasan nan ba sa ba da lasisin zama akitet mai rajista, hanyar wannan daban ce. Ki tambayi hukumar rajistar ƙasarki tun kafin ki cika fom.

Uwar_Kod:

Baba Injiniya, ban ƙi taka ba, sai dai ni da wannan ilimin nake ci, kuma robot rabona da shi tun ranar kare kundi. Aikina kullum shi ne gini mai faifan gilashi dubbai, in rage su zuwa 'yan nau'o'in da masana'anta za ta iya yi ba tare da fuskar ginin ta ɓaci ba. Ba abin nunawa a mujalla ba ne, amma ba ya yankewa.

Ƙanwata, batun lissafi kada ya firgita ki. Bekta, wato kibiya mai tsawo da alkibla, lissafin kusurwa, da ɗan sanin matiris don juya abu ko matsar da shi. Waɗannan za su kai ki nesa. Akwatunan da ke koma miki ja kuwa, ina kyautata zaton bishiyar bayanai ce. Grasshopper jeri-jeri yake ajiye abubuwa, reshe cikin reshe, in kika haɗa jeri biyu da rassansu ba su dace ba sai ya rikice ko ya haifo miki layi dubu. Ki riƙa manna akwatin Panel, mai nuna bayanai a rubuce, a bayan kowane mataki kina karanta abin da ke fitowa. Kuma ki fara koyon Python, wato yaren rubuta umarnin kwamfuta, yanzu, ko da rabin awa ne a rana. Ranar da wayoyin suka kai ɗari biyu za ki gode wa layi goma na kod.

'Yar_Zane:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, na manna Panel ɗin, wallahi reshe 40 nake aurar wa reshe ɗaya ban sani ba. Yaya Mai_Zarto, saura abu guda: kundin ayyukana duk hotunan gini ne masu sheƙi daga kwamfuta. Ba ni da CNC a kusa. Me zan sa?

Mai_Zarto:

Kwali da reza sun isa. Ki rubuta ƙa'ida ɗaya a Grasshopper, misali bango mai ramuka da ke faɗaɗa a inda rana ba ta bugawa, ki shimfiɗa ɓangarorin, ki buga a takarda, ki yanka da hannu. Na farko zai rushe. Ki ɗauki hotonsa a rushe, ki rubuta lambar da kika canza da dalili, ki yi na biyu da na uku, ki jera su a shafi ɗaya. Ki sa wa kowane ɓangare lamba tun a kwamfuta. Ni na manta da wannan, na yi yini guda a durƙushe ina neman abokin na 37.