Neman sunan Hausa ga kamshaf: me zai hana mu ce sandar tozo?

Jama'a masu sha'awar harkar inji, ina neman mu tsayar da magana a kan sunan ƙarfen nan da makanikai ke ce wa kamshaf. A gareji kalmar aro ta wadatar, domin maigida da yaronsa suna ganin abin a hannu, amma mai rubuta bayanin yadda ake sauya shi a injin V8, wato mai silinda takwas, na motocin Amurka masu ƙaton inji, irin su Pontiac GTO ta 1964 ko Chevrolet Chevelle SS ta 1970, yana bukatar sunan da sauran bayanin zai rataya a kansa.

Sanda ce ta ƙarfe da ke kwance a tsakiyar injin, tsakanin jerin silinda biyu, sarƙa na juya ta daga karanshaf, wato babbar sandar da fistan ke juyawa, tana yin zagaye ɗaya duk lokacin da shi ya yi biyu. A jikinta akwai kumburi 16, ɗaya ga kowane bawul, wato ƙofar shigar iska da mai ko ta fitar hayaƙi, kuma kowanne idan ya zagayo sai ya ɗaga wani guntun ƙarfe da ke zaune a kansa, guntun ya tura siririyar sanda sama, har bawul ya buɗe.

Wasu za su ce sandar bawul, sai dai bawul yana da nasa kara, ga kuma siririyar sandar nan mai turawa, don haka sunan zai faɗa kan abu uku. Sanda mai ƙusumbi ta kusa, amma ƙusumbi nakasa ce, alhali wannan kumburi da awo aka sassaƙa shi. Shawarata ita ce sandar tozo, kowane kumburi kuma a kira shi tozo, jam'i tozaye. Larabawa ma ta wannan hanya suka bi da suka ce amudul hadabat, wato sandar tozaye.

Abin da ya fi rinjayata shi ne yadda sunan ke haifar da 'ya'ya. Tsayin tozo shi ke ƙayyade nisan buɗewar bawul, faɗin tozo kuma daɗewarsa a buɗe, kuma a kan waɗannan biyu ne sandar da ake saye don ƙarin ƙarfi ta bambanta da ta kamfani: tozayenta sun fi tsayi da faɗi, inji ya shaƙi iska da mai sosai idan ya ɗauki wuta. Ba kyauta ake samun haka ba, domin idan mota na tsaye injin yakan yi ta gurnani da karkarwa, zuƙar iskar da ke taimaka wa birki kuma ta ragu har birkin ya yi tauri. Na fi son mu ce sandar tozo ta ƙarin ƙarfi a kan ta tsere, tunda da yawa daga masu sa ta a titi suke hawa.

A gwada sunan a bakin aiki a ji. Bayan an cire lagireto da famfon ruwa da murfin sarƙa da sauran abin da ya tare hanya, an zare tsohuwar sandar, a shafe kowane tozo da man haɗa inji, a zura sandar a hankali don kada tozo ya karce mazauninta, sannan a daidaita ɗigo biyun da ke jikin haƙoran sarƙa su fuskanci juna. A auna tazarar bawul da fistan, tunda tozo ya ƙara tsayi. Idan guntayen da ke zaune kan tozaye masu shafaffen gindi ne, dole a sa sababbi, a zuba baƙin mai mai sinadarin zinki, a riƙe injin tsakanin zagaye 2,000 da 2,500 a minti na tsawon minti 20 zuwa 30 a tashin farko, in ba haka ba tozo ya cinye.

Saura wannan guntun ƙarfe, wanda har yanzu nake kewaya sunansa. Ina ganin mahayin tozo zai dace da shi, kuma ina roƙon iyayen gidanmu makanikai su faɗa mana ko ya zauna a bakinsu.