Gara ta cinye min silin, wa ya taɓa rabuwa da ita?

Sabon mai gida, Rigachikun:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ke nan da muka tare a gidan da na gina. Ranar Asabar uwargida na share yana a falo, kan tsintsiya ya taɓa katakon gefen silin, sai ya burma. Na hau kujera na sa yatsa, ashe fenti ne kawai ya rage, ciki duk jar ƙasa. Da na bi bango sai ga hanyarta siririya kamar igiya, ta taso daga bayan kabad. Na kankare, na fesa fiya-fiya, kwana huɗu ta sake gini. Don Allah wanda ya taɓa fama da ita ya faɗa mana abin da ya yi da hannunsa, ban da ji-ta-ji-ta.

Kafinta, Sabon Garin Zariya:
Wa alaikumus salam. Alhaji, waɗanda ka kashe lebarori ne. Sarauniyar tana can ƙarƙashin ƙasa tana zuba ƙwai dubbai kowace rana, fiya-fiya ba ya kai mata. Da wane katako aka yi maka rufi? In farin nan ne mai laushi irin obeche, to tuwo ka ajiye mata. Madaci da kirya suna ba ta wuya, azarar giginya kuwa je ka duba tsofaffin soraye a birni ka gani. Kuma laifinmu ne wani lokaci, gaskiya ɗaya ce. Za a shafa maganin gara na Solignum a jikin katako, sannan a zo a yanka shi wajen bugawa, bakin yankan ya zauna fari ba magani. Ta nan take shiga. Ni yanzu da ƙaramin gwangwani nake hawa sama, duk inda zarto ya bi sai na shafa.

Maman 'yan biyu, Bauchi:
Hmm, kun taɓo min inda yake min ciwo. Akwatin lefena na jingine da bango tun da muka dawo gidan nan, ban buɗe ba sai da bikin ƙanwata ya zo. Atamfa shida, ina ɗagawa suna zubewa. Takardar filin maigidan tana ƙasan akwatin, rabinta ya zama ƙasa, sai da ya yi wata biyu yana zirga-zirga kafin a sake masa wata. Da mai gyaran famfo ya fasa bangon, sai ga bututun banɗaki yana ɗiga a ciki, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Danshin nan ya jawo ta. Aka gyara, bangon ya bushe, ba mu sake ganinta a ɗakin ba. Yanzu komai nawa a kan ƙarfe yake, da tazarar hannu tsakaninsa da bango.

Direba, Funtuwa:
Ni baƙin mai na shafa wa katakona, shekara bakwai shiru. Galan biyu na karɓo a gareji, ko sisi ban biya ba.

Maman 'yan biyu, Bauchi:
Malam, maƙwabcinmu ya yi haka. Da zafin watan Afrilu ya zo, man ya narke ya ɓata masa farin silin, ga wari. Kuma wuta fa?

Mai aikin feshi, Kano:
Baƙin mai yana ɗan kare katakon da ya taɓa, amma gidan garar yana nan daram. Aikin gaskiya a ƙasa ake yinsa, lokacin da aka gama cikon fandisho kafin a zuba kankare. Yawancin masu gini a nan suke tsuke aljihu. Tunda kai ka riga ka tare, sai a haƙa ɗan rami a zagaye gidan a jikin bango, ciki kuma a huda daɓe kusan kowane santimita 30, a ɗura magani a toshe. Ka nemi mai sinadarin fipronil ko imidacloprid. Gara ba ta jin su balle ta kauce, tana bi ta ciki ta kwasa a jikinta ta kai wa 'yan uwanta. Shi ya sa kada ka ƙara kankare hanyar nan kafin mai aikin ya zo, ita ce za ta nuna masa mashigar. Ka duba lambar NAFDAC a jikin kwalba. In wani ya kawo maka Gammalin, ka sallame shi, tun 2009 yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm ta sa sinadarinsa cikin waɗanda aka haramta. In akwai rijiya a gidan ka faɗa tun farko, kada a ɗura kusa da ita.

Dattijo, Maraɗi:
Yaro, halittar da ta ci sandar Annabi Sulaiman, katakon kasuwa ne zai gagare ta? Mu a da kafin a kafa rumbu sai an ɗora shi kan duwatsu, a zuba toka a ƙasa. Ka tambayi wanda ya sayar maka da filin ko akwai suri a wurin, don baje shi da katafila ba ya kashe na ƙasa. Ka kuma lura daren ruwan farko: in shinge, wato gara mai fiffike, na fitowa daga cikin ɗaki ba daga waje ba, to a ƙarƙashinka take.

Sabon mai gida, Rigachikun:
Na gode Baba, na gode jama'a. Na kira birkilan da ya yi aikin. Da farko ya ce ba komai, da na matsa sai ya tuna akwai kututturen darbejiya da suka gaji da tonowa suka binne a cikin ciko, daidai inda kabad ɗin yake. Rijiya kuma akwai, taku goma daga bangon falo. Mai feshi, ya za a yi da wannan ɓangaren?