An ci White Sox wasa 121: laifin 'yan wasa ne ko na mai ƙungiya?

Daga zauren hirar wasu Hausawa mazauna Chicago, daren Juma'a, 27 ga Satumba, 2024.

Injiniya: Shi ke nan jama'a, an gama. Detroit 4, mu 1. Wasa na 121 ke nan da aka ci White Sox, ƙungiyarmu ta besbol, a bana. Tun 1962 New York Mets ke riƙe da wannan abin kunya a tarihin gasar na zamani da wasa 120, su ma a shekararsu ta farko ce, ba su da kowa. Mu da muke cikin gasar tun 1901 mun ƙwace musu kambun. Kafin a fara zagin yara, ga matsayata: 'yan wasan nan ba su da laifi ko na sisin kwabo. Laifin na mai ƙungiyar ne, Jerry Reinsdorf, daga farkonsa har ƙarshensa.

Maman Hanif: Haba Injiniya, ko na sisin kwabo? Reinsdorf ne ya shiga fili a Baltimore farkon watan nan? Ƙwallo ta tashi sama, wadda ko su Hanif a ƙungiyar yara za su cafe, Vargas da Benintendi suka gwabza karo, ƙwallo ta faɗi ƙasa, Baltimore suka ci maki uku. Kuma wa ya buga ta? Eloy Jiménez, wanda muka sallama a Yuli. Tsoho mai shekara 88 yana zaune a ofis, ba shi ne zai ce wa ƙato "tawa ce, bar mini" ba.

Bakano: Ku yi haƙuri yayyena, ni baƙo ne a harkar besbol. Wasa nawa ake yi a shekara da har za a ci mutum 121? Kuma yanzu sun faɗa rukuni na biyu ke nan, kamar yadda aka yi wa Kano Pillars a 2022?

Injiniya: Wasa 162 ake yi, ƙanena, saura biyu. Mun ci 39 zuwa yau. Maganar faɗawa kuwa, babu ita a nan. Ƙungiyoyi 30 ne, ko ba ka ci wasa ko ɗaya ba baɗi kana nan daram, kuma kasonka na kuɗin talabijin na ƙasa yana shigowa. Tambayarka ita ce hujjata gaba ɗaya. Pillars da suka faɗa, dole ta sa aka miƙe har suka dawo bayan shekara ɗaya. Reinsdorf me zai tashe shi tsaye? Ya sayi ƙungiyar a 1981 shi da abokansa a kan kusan dala miliyan 20, yau ana ƙiyasta ta kai biliyan 2. A ci shi ko ya ci, dukiyarsa hawa take.

Kawu Direba: Assalamu alaikum. Yanzu na ajiye mota na ga abin da kuke yi. Injiniya, kana magana kamar mutumin nan bai taɓa tsinana komai ba. A 2005 ina garin nan. Wannan Reinsdorf ɗin da kake zagi shi ne mai ƙungiya lokacin da koci Ozzie Guillén ya kai mu muka share Houston wasa huɗu a jere muka ɗauki World Series, babban kofin besbol, bayan an jira tun 1917. Shi ne kuma mai Chicago Bulls, ƙungiyar ƙwallon kwando, da suka ɗauki kofi shida da Michael Jordan. Kofi bakwai a gari ɗaya. Ku yaran yanzu ba ku san a yaba ba.

Injiniya: Allah ya ƙara maka lafiya Kawu, ban musa ba. Amma Jordan ya riga shi zuwa Bulls, a 1984 aka ɗauko shi, Reinsdorf ya saya a 1985. Shi kuma 2005 yau shekara 19 ke nan. Daga ranar zuwa yau sau uku muka shiga wasannin ƙarshen kaka na neman kofi, 2008 da 2020 da 2021, kuma ba mu taɓa tsallake ko zagaye ɗaya ba.

Ɗan Cubs: Shekara 19 har kuna kuka? Mu shekara 108 muka yi, daga 1908 zuwa 2016, ba mu mutu ba. Ku hawo jan jirgi ku zo Wrigley, filin ƙungiyarmu ta Cubs, akwai wuri.

Kawu Direba: Kai rufe mana baki, manya na magana.

Maman Hanif: To bari in tambaye ka Injiniya. Idan rowa ce matsalar, Oakland fa? Babu ƙungiyar da ta kai su ƙarancin albashi a bana, mai ƙungiyarsu ma kwashe su yake yi daga garin gaba ɗaya, amma sun ci wasa fiye da 60. Cleveland da Detroit albashinsu bai kai namu ba a farkon kaka, su ne yanzu za su wasannin ƙarshe. Kuɗi an biya. Yoán Moncada dala miliyan 24 yake karɓa a bana, wasannin da ya buga ba su kai 15 ba. Luis Robert da ya fitar da ƙwallo waje sau 38 bara, bana sai ka ce ba shi ba. An kawo Maldonado, a kowane bugu goma da kyar yake samun ɗaya, har aka kore shi a Yuli. Waɗannan ba 'yan wasa ba ne?

Injiniya: Hajiya, Moncada da Robert rauni suka ji tun watan Afrilu, ba za ki zargi mutum don tsokarsa ta yage ba. Maldonado kuwa shekara 37 gare shi lokacin da aka ɗauko shi, kowa ya san ba ya bugu tun yana Houston. Wa ya ɗauko shi? Ai ba shi ya kawo kansa ba. Kuma ban ce ba a kashe kuɗi ba, na ce ba a sayen babban ɗan wasa. Kwantiragi mafi tsoka a tarihin ƙungiyar nan shi ne na Benintendi, dala miliyan 75 na shekara biyar. Mu da Oakland ne kaɗai ba mu taɓa ba ɗan wasa kwantiragin miliyan 100 ba, a birni na uku mafi girma a Amurka. Ki dubi Kansas City, rukuninmu ɗaya da su. Bara an ci su wasa 106. Suka ɗaure Bobby Witt da kwantiragin sama da miliyan 280, suka sayo masu jifa biyu, Seth Lugo da Michael Wacha. Dubi inda suke yau.

Maman Hanif: Raunin na yarda. Rashin tarbiyya fa? Ka manta abin da Keynan Middleton ya faɗa bara bayan an sayar da shi ga Yankees? Ya ce babu doka a ƙungiyar, wani yana barci a wurin ɗumama jikin masu jifa ana tsakiyar wasa, wasu ba sa zuwa taro, kuma ba a ce wa kowa komai. A makon ne kuma Tim Anderson ya ja daga da José Ramírez a tsakiyar fili, aka kai shi ƙasa da naushi ɗaya, duniya na kallo. Mutum ana biyansa miliyoyi sai an tsaya a kansa kafin ya farka daga barci?

Malam na Zongo: Hajiya ta kawo magana mai nauyi, amma a ganina hujjar Injiniya ta ƙarfafa ba tata ba. Ni malamin makaranta ne. Idan ɗalibi ɗaya ya yi barci a aji, laifinsa ne. Idan aka ce babu doka a makarantar gaba ɗaya, sai a nemi hedimasta da wanda ya naɗa shi. Ku bi naɗe-naɗen ku gani. A ƙarshen 2020 muna da matasa mafiya kyau da muka samu cikin shekaru, sai Reinsdorf ya ɗauko amininsa Tony La Russa ya naɗa shi koci, yana da shekara 76, ya yi shekara tara bai jagoranci ƙungiya ba. Dalili? An kore shi a 1986, abin yana damun Reinsdorf, yana son ya wanke zuciyarsa. Da ƙungiyarmu aka biya bashin zumunci.

Kawu Direba: Malam, La Russa ɗin nan ya ci wasa 93 a 2021, ya ɗauki rukuninmu. A faɗi wannan ma.

Malam na Zongo: Na faɗa Kawu, gaskiya ne. A faɗi ta Yunin 2022 kuma, da muke wasa da Dodgers. Saura jifa ɗaya mai kyau a fitar da Trea Turner a rufe zagayen, sai La Russa ya ce a bar shi ya wuce kyauta. Max Muncy ya biyo baya ya narka ta waje, maki uku. Makon nan 'yan kallo suka fara ihun a kori Tony. Shekarar ta ƙare mun ci 81 an ci mu 81. Sai aka kawo Pedro Grifol wanda bai taɓa riƙe babbar ƙungiya ba, aka ci mu 101 a 2023. Aka kori manyan jami'an ƙungiyar, Ken Williams da Rick Hahn, a Agusta, muka ce alhamdulillahi za a nemo sabon jini. Kwana tara kacal aka ɗaga Chris Getz daga cikin gida, ba a yi wa kowa daga waje tambayoyi ba. Getz ɗin kuwa shi ne mai kula da renon matasan da ba su renu ba.

Bakano: To shi kocin har yanzu yana nan?

Injiniya: An kore shi ranar 8 ga Agusta, mun ci 28 an ci mu 89. Sai da aka bari aka ci mu wasa 21 a jere tukuna, daidai da abin kunyar Baltimore na 1988. Kafin nan akwai 14 a jere a Mayu zuwa Yuni. Kakar ma da muka buɗe ta, mun ci 3 an ci mu 22. Grady Sizemore ne ke riƙo, shi ma an yi masa 12 a jere.

Maman Hanif: Ka ga ni ba. An canja koci, abin bai canja ba. Su waye ba a canja ba? 'Yan wasa.

Injiniya: An canja su mana Hajiya, masu kyan aka kwashe! Dylan Cease an sayar da shi ga San Diego a Maris, kafin a fara kaka. A Yuli ya jefa wasa cikakke da Washington ba wanda ya samu bugu a kansa. Michael Kopech a wurinmu kullum sai ya zubar da wasa a zagayen ƙarshe, ya koma Dodgers ya zama dodo. Hannu ɗaya ne, mutum ɗaya ne. Me ya sa da an bar titin 35, inda filinmu yake, sai a warke? A can akwai masu nazarin jifa da na'urori da za su ce maka rage wannan, ƙara wancan. Wannan ciwon ya daɗe. A 2016 muka ba da wani yaro mai shekara 17 don mu karɓi James Shields. Sunan yaron Fernando Tatis, wanda ya zama tauraron San Diego.

Ɗan Cubs: Allah ya saka da alheri, San Diego na gaisuwa.

Kawu Direba: Zan ce abu ɗaya da na yarda da ku a kai, shi ne maganar filin wasa. A 1988 ya ce zai kwashe ƙungiya ya kai Florida, majalisar jihar Illinois ta zauna har tsakar dare ta amince a gina masa fili da kuɗin jama'a, aka buɗe a 1991. Harajin otal ake biya da shi, baƙin da nake ɗaukowa daga O'Hare su ke biya. Bana kuma, a shekarar da ake cin mu kamar tuwo, ya tafi Springfield, babban birnin jihar, neman kusan dala biliyan ɗaya a gina masa sabo kusa da tsakiyar gari. Wannan kam babu kunya a ciki. Amma abin da aka yi a makon nan ban ji daɗinsa ba. Muna cin Angels a gida, 'yan kallonmu suna yi wa namu ihu don sun ci, wai sun sayi tikiti su ga tarihi. Yaro ya buga ƙwallon nasara ana masa eho. Wannan ba goyon baya ba ne.

Malam na Zongo: Ihun "a sayar da ƙungiya" ya fi yawa Kawu, kuma shi na goyi baya. Na yi wa yara eho ban goya ba. Rabin waɗanda ke fili a Satumba ba su kamata su bar ƙaramar gasa ba tukuna, an jefo su ne don babu wasu.

Bakano: Na ji an ce a Amurka wanda ya zo na ƙarshe shi ke fara zaɓen sabbin 'yan wasa. Ko ba komai kun samu wannan.

Injiniya: Ko wannan ba mu samu ba. Akwai sabuwar doka da ta hana ƙungiyar babban birni shiga ƙuri'ar manyan zaɓe shekara biyu a jere. Bana mun zaɓa na biyar, don haka baɗi ba za mu wuce na goma ba.

Maman Hanif: Innalillahi. To ni dai ban janye ba. Reinsdorf ya ɗauki kaso mafi girma, ban ƙi ba, amma "ko na sisin kwabo" ɗin nan ka janye shi. Garrett Crochet a ofishi ɗaya yake, koci ɗaya, mai ƙungiya ɗaya, ya yi jifa har aka zaɓe shi cikin taurarin bana. Wanda ya so yin aiki ya yi.

Injiniya: Crochet ya fi ƙarfin su ɓata shi ne kawai. Ba na janyewa. Kuma baɗi ƙafata ba za ta taka filin nan ba, ko hula ba zan saya ba sai an sayar.

Kawu Direba: Kujerarka ɗaya ce za ta girgiza mai biliyan? Ni zan je, in Allah ya kai mu. Kafin Reinsdorf akwai White Sox.

Maman Hanif: Ni ba ni da zaɓi, Hanif ya matsa mini in saya masa rigar Crochet tun Yuli, na yi alkawari.

Injiniya: Kada ki saya Hajiya. Saura shekara biyu a kwantiraginsa, kuma ya isa a ba shi sama da miliyan 100. Kin san mai gidan. Kafin sanyi ya wuce an sayar da shi.

Maman Hanif: Kai ka zo ka faɗa wa Hanif haka da bakinka, ni ba zan iya ba.