Me za mu kira wurin da ake harba kumbo?

Assalamu alaikum, masana da ɗaliban Hausa. Wata fassara ce ta ba ni kunya kwanakin baya, shi ya sa na kawo ƙoƙon bara gabanku. Ina juya labarin Baikonur, filin nan da ke Kazakistan inda aka harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, a 1957, Yuri Gagarin kuma, mutum na farko da ya je sararin samaniya, ya tashi daga can ranar 12 ga Afrilu 1961, sai na rubuta "tashar sararin samaniya". Wani mai karatu ya aiko yana tambaya, yaya aka yi roka ta tashi daga tashar da ita kanta a sama take? Gaskiyarsa. Wannan suna tuni ya zauna wa tashar da ke kewaya duniya, wadda 'yan sama-jannati ke zama a cikinta. Ita kuwa Baikonur a ƙasa take, tsakiyar fako.

Na gode wa wani Malam daga cikinku da ya kawo shawarar a kira wurin "filin jirgin sama-jannati". Allah ya ƙara basira, Malam, amma kunnena bai karɓa ba. Filin jirgi wuri ne na tashi da sauka, jirgi ya yi gudu a kan kwalta kafin ya ɗaga. Roka a tsaye take, jingine da hasumiya, wuta ta tashi ƙarƙashinta ta yi sama. Ba a tashinta, harba ta ake yi. Kuma tun zamanin Apollo 11 a 1969 Bahaushe yake cewa kumbo, to me zai sa mu bar namu?

Kalmar "harba" ɗin nan ita na fi riƙewa, don ba ta ɓoye asalin abin. Da ita muke cewa an harba makami mai linzami, da ita kuma muke cewa an harba tauraron ɗan'adam, kuma tarihi ya gaskata harshen. Rokar R-7 da ta ɗauki Sputnik makami ce da aka ƙera don kai bam ɗin nukiliya wata nahiya. Plesetsk da ke arewacin Rasha an gina ta ne domin irin waɗannan makamai, daga baya ta koma harba taurari. A Amurka, filayen harbawa na Cape Canaveral da Vandenberg duk na rundunar sojan sama ne a da, sai a 2020 da 2021 aka sauya musu suna zuwa na rundunar sararin samaniya.

Saboda haka ina ganin suna ɗaya ba zai wadatar ba. Wurin farar hula, irin Kourou da ke Giyana ta Faransa a Kudancin Amurka, mu ce tashar harba kumbo. Inda soja ke gadi kuma shi ke da ta cewa, mu ce sansanin harba kumbo. Ku dubi Palmachim a Isra'ila, kudu da Tel Abib a bakin teku. Sansanin sojan sama ne, daga nan rokar Shavit ta ɗaga tauraron ɗan'adam Ofek-1 a Satumban 1988. Galibin ƙasashe gabas suke harbawa don juyawar duniya ta ƙara wa rokar gudu, Isra'ila kuwa yamma take fuskanta, ta saman Bahar Rum, don kada ɓaraguzai su faɗa ƙasashen maƙwabta. Wanda ya kira wannan wuri "tasha" kawai ya rage wa mai karatu rabin labari.

Wata Hajiya daga cikinku ta ce me zai hana "maharba", kamar yadda muke da marina da maƙera da majema? Wallahi Hajiya kin taɓo ni. Da farko na ce ai maharba masu baka da kibiya ne. Sai na tuna marina ma haka take, wurin ne, kuma mutanen ne, karin murya ke raba su, ba wanda ya taɓa ruɗewa. A rubuce ma "maharbar kumbo" daban take da "maharban daji". Gajeriya ce, ta dace da kanun labari. Ni dai zan fara sa ta a rubutuna, in biyo ta da dogon sunan a karon farko har kunne ya saba.

Saura ɗaya. Kusa da Palmachim akwai Soreq, kuma na sha ganin an kira ta "tashar nukiliya". Kuskure ne. Tashar nukiliya lantarki take bayarwa. Soreq cibiyar binciken nukiliya ce, ƙaramar na'urarta mai megawat 5 daga Amurka ta zo, ta fara aiki a 1960. Ita wannan na'urar da ake farfasa ƙwayar zarra a cikinta, har yau bakinmu bai haɗu a kan sunanta ba. Wasu na cewa tukunya, ni murhu ya fi kwanta mini, tunda nan zafin yake fitowa. Malamai, wanne kuka gani?