Butcher da Homelander ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba: me za mu kira "anti-hero" da Hausa?

Mai Fassara:
Salamu alaikum jama'a. Ana neman kalmar Hausa da za ta zauna a gurbin "anti-hero", wadda za ta shiga rubutun sharhi, ta kuma shiga fassarar ƙasan allo ba tare da ta cinye layi ba. Abin da ya taso da maganar shi ne cacar bakin masoyan The Boys, shirin nan mai dogon zango da Amazon Prime Video ta fara saki a watan Yulin 2019, wanda Eric Kripke ya gina a kan littattafan labari cikin zane na Garth Ennis da Darick Robertson. Tun zango na farko ake ja-in-ja a kan Homelander. Wasu sun ce anti-hero ne, wasu sun ce mugu ne tsantsa da aka yafa wa tutar Amurka. Mai son kawo wannan gardama cikin Hausa sai ya tsaya cak, don kalmar da ake rigima a kanta ba ta hannunmu. Abin da ake bukata: kada ta wuce kalma biyu, ta karɓi mace da jam'i, kuma ko an rubuta ta a wayar da ba ta da haruffa masu lanƙwasa a gane ta.

Ɗan Kallo:
Wa alaikumus salam. Kafin a raɗa suna a fara sanin jaririn. Wanda bai kalli shirin ba ya tsallake wannan, don zan fasa ƙwai.

Mutumin da kalmar ta dace da shi a shirin nan Billy Butcher ne. Yana yaƙar kamfanin Vought da masu baiwar da kamfanin ya ƙera da sinadarin Compound V, kuma mai kallo ya san yaƙin yana bisa gaskiya. Amma dubi yadda yake yinsa. A zango na farko ya ɗauki jariri mai fitar da wuta daga ido ya riƙe shi kamar bindiga ya karkashe masu gadi. A ƙarshen zangon ya ɗaura wa Madelyn Stillwell, babbar jami'ar Vought, bama-bamai a gidanta, ɗanta na goye yana cikin gidan, ya kuma tayar da su. A zango na uku ya ɗura wa kansa sinadarin wucin gadi mai ba da ƙarfi na awa 24, wato ya koma irin abin da ya rantse zai kawar daga doron ƙasa. Kuma abin da ke tura shi ramuwar gayya ce a kan matarsa Becca, ba tausayin talakawa ba. To wannan shi ne anti-hero: yana ɓangaren da labari yake so ka goya wa baya, amma halinsa da hanyarsa ba na mutanen kirki ba ne.

Homelander kuwa daban. A kashi na huɗu na zango na farko, wutar idonsa ce ta lalata na'urorin tuƙin jirgin saman da aka yi garkuwa da shi, ya ƙi ceton ko mutum ɗaya don kada a samu mai ba da shaida, ya bar jirgin ya faɗa teku, sannan ya tsaya gaban kyamara yana jimami yana neman a saka masu baiwa irinsa cikin rundunar soja. Duk kalmar da za ta rufe mutanen nan biyu da bargo ɗaya ba ta yi ba.

Malama Nahawu:
Madalla da wannan shimfiɗa. Bari a fara share waɗanda ke saurin zuwa baki.

"Kishiyar jarumi" fassarar gaɓa da gaɓa ce, an ɗauki "anti" an ba shi kishiya. Bahaushe in ya ji haka abokin gabar jarumi zai fahimta, wanda 'yan kallo ke kira bos. Ka ga an koma kan Homelander, an bar wanda ake nema. Balle kuma kishiya tana da nata gidan a Hausa, za a yi ta dariya.

"Mugun jarumi" ta fi haɗari, don a bakin mutanen yanzu "mugun" ƙarfafawa yake yi. Mugun kyau, mugun gudu, mugun iya wasa. Ka rubuta "Butcher mugun jarumi ne", rabin masu karatu za su ɗauka yabonsa kake yi.

"Baƙin jarumi" kuwa matsalarta uku. Za a ɗauka launin fata ake nufi, ga shi a shirin akwai baƙaƙen fata irin su A-Train da Mother's Milk. In aka jefar da lanƙwasa ta koma "bakin jarumi", wato bakin da yake cin abinci da shi. Jam'inta kuma in ba a yi hattara ba ya faɗa kan baƙi masu zuwa daga nesa.

Alƙalami:
Malama, to me zai hana mu ari kalmar kawai mu gyara mata zama, mu ce antihiro? Ai haka muka yi da fim da kyamara da talabijin, ba wanda ya mutu.

Malama Nahawu:
Ɗan'uwa, faɗe ta da ƙarfi ka ji. Anti Hiro. Kunnen Bahaushe zai ce ƙanwar babar wani ce ake kira. Aro yana zama ne in kalmar ba ta ci karo da wata da ta riga ta zama ba, ita kuwa "anti" ta daɗe da samun kujera a gidan.

Tsohon Edita:
Akwai gyaran da ya kamata a yi tun daga tushe, ba a kan sifa kaɗai ba. "Jarumi" a bakin masu kallon fim ta riga ta koma sunan sana'a. Jarumi shi ne ɗan wasa. Karl Urban mai fitowa a Butcher jarumi ne, Antony Starr ma jarumi ne, ko da yake shi ne ke fitowa a Homelander. In ka liƙa wa "jarumi" sifar aibu a kanun labari, mai karatu zai zaci ɗan wasan ne ya yi abin kunya a waje. Don haka a ajiye ta, a ɗauki "gwarzo", wadda har yanzu take nuni da mai shiga gaba a fagen fama, mai taurin rai, ba ta nuni da mai karɓar albashin fitowa a fim.

Sifar da nake ba da shawara ita ce bauɗaɗɗe. Bauɗewa ita ce kauce wa hanya, kuma mun saba cewa wane bauɗaɗɗen mutum ne, wato ba ya bin inda kowa ke bi, ba a gane gabansa da bayansa, amma ba a ce azzalumi ne kai tsaye ba. Wannan ratar da ke tsakanin bauɗewa da mugunta ita ce daidai inda Butcher yake tsaye. Saboda haka: bauɗaɗɗen gwarzo. Mace bauɗaɗɗiyar gwarzuwa, kamar Queen Maeve, wadda ta bi Homelander ta bar fasinjojin nan, abin ya yi ta cin ta, ta kama shan giya, daga baya ta juya masa baya. Jam'i bauɗaɗɗun gwaraza. In an jefar da lanƙwasa, "baudadden gwarzo" ba ta rikiɗa ta zama wata kalma.

Alƙalami:
Ranka ya daɗe, ta yi daɗin faɗi. Amma ina murɗaɗɗe? Ina takadari da tantiri? Ni a kunnena "takadarin gwarzo" ya fi kama da mutumin nan mai baƙar kwat da ashar a baki.

Tsohon Edita:
Duk ukun sun kama wani gefe sun saki wani. Murɗaɗɗe mai wuyar sha'ani ne, wanda ba a iya lanƙwasa shi, to ai nagartaccen mutum ma yana iya zama murɗaɗɗe, sifar ba ta taɓa batun halal da haram na hanyar da ya bi ba. Takadari da tantiri suna kawo hoton fitsara da rashin jin magana, suna kuma ƙanƙanta shi, kamar yaron da ya gagari unguwa. Za su dace da Butcher a fage ɗaya ko biyu, amma mu suna muke nema na jinsin tauraro gaba ɗaya, wanda zai yi aiki a kan wani shiri gobe, inda mai irin wannan matsayi zai zo shiru-shiru, ba zagi ba hayaniya, yana kisa cikin natsuwa.

Ɗan Kallo:
Na karɓi bauɗaɗɗen gwarzo. Saura a ba Homelander nasa sunan, in ba haka ba masoyansa za su ƙwace wannan su rataya masa, kamar yadda suka yi da ta Turancin.

Dalilin ruɗanin ba ɓoyayye ba ne. An nuna ya tashi a ɗakin gwaji, ba uwa ba uba, likitoci na gwada ƙarfinsa, ya girma da yunwar a so shi. Antony Starr kuma ya iya wasa da fuska, murmushi na kan leɓe ido na rawa, har ka ji tausayinsa ya ɗarsu. Sai wasu suka ɗauki tausayi a matsayin hujjar cewa yana ɓangaren gaskiya. Shirin da kansa ya yi musu gugar zana a ƙarshen zango na uku, a 2022: wani mai zanga-zanga ya jefi ɗansa Ryan da gora, Homelander ya fasa wa mutumin kai da wutar ido a bainar jama'a, aka yi tsit na ɗan lokaci, sai magoya bayansa suka ɓarke da shewa da tafi. Fuskarsa a wannan daƙiƙar, daga fargaba zuwa murmushi, ita ce ta mutumin da ya gano ba sauran mai taka masa birki.

Wannan Musa ne a baki Fir'auna a zuci. A taƙaice ina ganin a ce gwarzon bogi. Jama'ar cikin labarin suna ganinsa gwarzo, mu masu kallo mun san kayan jabu ne da sashen talla na Vought ya shirya.

Malama Nahawu:
Gwarzon bogi ta zauna, amma a lura ba ita ce sunan kowane mugu na cikin labari ba. Mugun da bai taɓa riya cewa shi mai ceto ba ne, mugu ne ko bos, shi ke nan. Gwarzon bogi sai wanda ya sa rigar ceto. Stormfront ta zango na biyu ta shiga ciki, gwarzuwar bogi ce, 'yar Nazi da ta ɓuya a bayan iya magana da wayo a kafafen sada zumunta.

Mai Fassara:
An gwada su a layi. Ƙa'idar da aka fi bi a fassarar ƙasan allo ita ce kada layi ya wuce harafi 42, kada kuma a wuce layi biyu a lokaci guda. "Bauɗaɗɗen gwarzo" harafi 16 ne har da tazarar tsakiya, "gwarzon bogi" 12. In da bayani za a yi, a ce "jarumin da ba ya bin hanyar kirki", an cinye 33, saura tara kacal a layin. Ga jimlar da ta fi yawo a gardamar masoya: "Homelander ba bauɗaɗɗen gwarzo ba ne, gwarzon bogi ne." Ta rabu gida biyu daidai kan waƙafi, kowane layi bai cika ba. Inda take ɗan nauyi shi ne ta mace, "bauɗaɗɗiyar gwarzuwa", harafi 20, kuma harshe na sarƙewa in mai ɗora murya yana sauri. A nan ana iya cewa "bauɗaɗɗiya ce" in an riga an ambaci gwarzuwa a baya.

Alƙalami:
Ina da sauran ja, kuma ba na neman rigima ba ne. A nazarin adabi kalmar Turancin ta fi haka faɗi. Tana ɗaukar tauraron da ba shi da jarumta ko kaɗan, matsoraci, mai raki, wanda labari ya faɗo a kansa. Hughie ke nan a farkon shirin: yaron shagon kayan lantarki, yana riƙe da hannayen budurwarsa Robin a bakin titi A-Train ya ratsa ta cikinta da gudu, ya bar shi da guntayen hannaye, Vought kuma ta miƙo masa dala 45,000 ya sa hannu ya yi shiru. Wannan ba gwarzo ba ne, ba kuma bauɗaɗɗe ba. Ina za mu kai shi?

Tsohon Edita:
Ja ne mai tushe. Turanci ya cusa ma'ana biyu a buhu ɗaya, ba dole ne mu yi haka ba. Masu gardama a kan shirye-shiryen masu baiwa ma'anar Butcher suke nufi kusan kullum, ita muka yi wa suna. Irin su Hughie a ce gwarzon dole, wanda hali ya tura fage ba don ya shirya ba. Mai fassara ya duba wanne ake nufi kafin ya zaɓa. In marubucin Turancin yana maganar kisa da ƙeta doka, bauɗaɗɗe ne. In yana maganar tsoro da gazawa, na dole ne.

Ɗan Kallo:
Tunda ana kan masoya, a taimaka da "review bombing" ma, don ba a raba labarin shirin nan da ita. A watan Satumban 2020 Amazon ta saki kashi uku na zango na biyu a rana ɗaya, sauran biyar kuma ɗaya-ɗaya duk mako, alhali zango na farko gaba ɗaya aka zuba shi. Masu son kallon dare ɗaya suka fusata, suka yi ta ba shi tauraro ɗaya a shafin Amazon, suna rubuta ƙarara cewa ba shirin ne bai yi ba, tsarin sakin ne ya ɓata musu rai. A zango na huɗu, a 2024, an sake ganin wagegen giɓi tsakanin makin masu sharhi da na 'yan kallo a shafin tara makin fina-finai na Rotten Tomatoes, wannan karon ana ƙorafin siyasa ta yi yawa. Na ga ana rubuta "ruwan bama-baman sharhi", abin ba ya shiga kunne.

Malama Nahawu:
Ba sai an je da nisa ba, muna da rubdugu. Taro ne ya afka wa abu ɗaya lokaci ɗaya, kowa na kai nasa dukan, ba don an zauna an auna laifi ba. A ce rubdugun maki, aikatau kuma "an yi wa zango na biyu rubdugun maki". Sai dai a yi hattara wajen amfani: ƙarancin maki kaɗai ba rubdugu ba ne. Sai an ga alamominsa, wato mafi ƙanƙantar maki ya taru cikin 'yan kwanaki, dalilin da ake bayarwa iri ɗaya ne, kuma sau da yawa bai shafi abin da ke cikin shirin ba. Na 2020 ya cika waɗannan. Na 2024 akwai masu ƙorafin gaskiya a ciki a kan jan labari, don haka mai rubutu ya ce "wasu na ganin rubdugu ne", kada ya yanke hukunci da bakinsa.

Mai Fassara:
An shigar da su: bauɗaɗɗen gwarzo, gwarzon bogi, gwarzon dole, rubdugun maki. Tambaya ɗaya ga Malama, a jam'in ta biyu "gwarazan bogi" za a rubuta ko "gwarzayen bogi"?

Malama Nahawu:
Duka ana ji, amma tunda an ɗauki "gwaraza" a ta farko, a tsaya kan gwarazan bogi, kada rubutu ɗaya ya zo da jam'i iri biyu.